Kek ɗin Biki: Asalinsa da Yadda Ake Yi Masa Shafe da Kirim ɗin Bota

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu, da sauran waɗanda jama'a ke zuwa wurinsu neman bayani. Dalilin shirya ta shi ne, kek ɗin biki, wanda a dā sai a gidajen Turawa ake ganinsa, yanzu ya shiga bukukuwan mutanenmu. Ya yi ƙarfi a manyan birane irin su Kaduna da Kano da Zariya da Jos, ga shi kuma yana isa garuruwan hakimai. Mata da yawa sun mai da yinsa sana'a, suna rufa wa kansu asiri da ita, iyayen amare kuwa suna kashe kuɗi masu kauri a kansa. Duk abin da kuɗi da mutunci suka shiga cikinsa ba ya rasa jayayya. Kek ɗin da aka biya da tsada yakan iso wurin taro a narke, ko a karkace, uwar amarya ta ji kunya gaban baƙi, mai yin kek ta ce laifin direba ne, direba ya ce laifin rana ne. In irin wannan magana ta zo zauren hakimi, raba ta za ta fi sauƙi idan ya san yadda aikin yake.

Abin da za a riƙe tun daga farko guda ɗaya ne. Farin abin nan da ake shafe kek da shi, wanda masu sana'a ke kira kirim ɗin bota, bota ce da sukari aka buga tare. Bota kuwa takan taurare da sanyi, ta narke da zafi. Kyan aikin da lalacewarsa duka a kan wannan hali nata suke rataye.

ASALIN AL'ADAR

A Ingila wannan al'ada ta yi ƙarfi, daga can kuma ta bi Turawa zuwa ƙasashen da suka zauna. A 1769 wata mata mai suna Elizabeth Raffald ta buga littafin girki a birnin Manchesta, inda ta bayyana yadda ake lulluɓe kek ɗin amarya da shafe biyu, na ciki da niƙaƙƙen almon, watau wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, na waje kuma da farin sukari. A wancan zamani tataccen sukari yana da tsada ƙwarai, saboda haka gwargwadon farin kek, gwargwadon wadatar gidan amarya a idon jama'a.

Ranar 10 ga Fabrairu 1840 aka yi auren Sarauniya Biktoriya da Yarima Albert. Kek ɗin bikinsu ya kai kusan laba 300, watau wajen kilo 136, kewayensa kuma yadi 3. An lulluɓe shi da shafen garin sukari da farin ƙwai, wanda in ya bushe yakan yi tauri kamar farar ƙasa a jikin bango. Da wannan biki ake danganta sunan da Turawan Ingila ke kiran wannan shafe da shi, watau shafen sarauta. Daga baya cikin wannan ƙarni aka saba da ɗora kek bisa kek, hawa hawa.

A 1940, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Ingila ta hana masu gashi shafe kek da sukari saboda ƙarancinsa. Sai amare suka koma hayar murfin kwali da aka yi wa ado kamar kek, a kifa shi bisa ɗan ƙaramin kek na gaskiya, a gama biki, a mayar wa mai shi. Ba a daina rabon sukari da kati a Ingila ba sai 1953. Cikin wannan ƙunci ne Sarauniya Elizabeth ta Biyu, wadda aka yi wa babban hawan daba a Kaduna a 1956, ta yi aure ranar 20 ga Nuwamba 1947, tun tana gimbiya. Kamfanin McVitie & Price ne ya yi babban kek ɗin bikin, hawa 4, tsawonsa ƙafa 9, nauyinsa wajen laba 500, kayan haɗinsa kuwa 'yan sikawut mata na Ostireliya ne suka aiko da su kyauta.

Waɗannan kek na sarauta duka iri ɗaya ne, mai nauyi, cike da zabibi da busassun 'ya'yan itace, sau da yawa jiƙe da giya. Yakan yi watanni bai lalace ba, kamar yadda nakiya ke daɗewa a wurinmu, har akan ajiye hawan sama sai ranar bikin ɗan fari. Shafensa mai tauri kuma ba ruwansa da zafi.

Mutanen Amurka su suka fi son kek mai laushi da shafen bota, wanda ya fi daɗin ci amma ba ya daɗewa. Sannu a hankali wannan ya mamaye ko'ina, har gidan sarautar Ingila. Ranar 19 ga Mayu 2018, a bikin Yarima Harry, jikan Sarauniya Elizabeth, wata mai gashi haifaffiyar Kalifoniya mai suna Claire Ptak ta yi kek mai laushi na lemon tsami, ta shafe shi da kirim ɗin bota, aka yi masa ado da furanni. Fadar ta bayyana cewa an yi amfani da ƙwai 500, da lemon tsami 200, da bota da fulawa da sukari kilo 20 kowanne. To, irin wannan kek ne ya fi yawa a bukukuwanmu yau, alhali kuwa a ƙasashe masu sanyi aka tsara shi.

HALIN BOTA

Bota man shanu ce da aka sarrafa a masana'anta. A cikin kashi 100 nata, wajen kashi 80 mai ne, wajen 16 ruwa, sauran kuma ragowar madara. In aka buga ta tana da laushi, sai ta kama iska cikin ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta yi haske, ta kumbura. Wannan iska ita ke sa kirim ya yi sauƙi a baki, ya kuma tsaya inda aka shafa shi.

Cikin firiji, inda sanyi yake wajen digiri 4 a ma'aunin Salshiyas, bota tana da tauri, ba ta buguwa. Tsakanin digiri 18 da 21 take daidai aiki. Tsakanin 32 da 35 kuwa sai ta narke, ta saki iskar da ta kama. Zafin jikin mutum digiri 37 ne, shi ya sa take narkewa a kan harshe, shi ya sa kuma ɗumin tafin hannu kaɗai ya isa ya ɓata kirim. Wadda ba ta da ma'auni ta danna botar da yatsa. In yatsa ya bar gurbi ba tare da maiƙo ya taso ba, ta yi daidai.

Man shanun da Fulani ke sayarwa yana da kyau ga tuwo da nakiya, amma bai dace da wannan aiki ba. Ɗanyensa yana ɗauke da tsamin nono, soyayyensa kuwa ruwansa ya ƙone, ba ya riƙe iska yadda ake so. Har ila yau, abin da ake kira bota a kasuwanninmu sau da yawa majarin ne, watau man tsirrai da aka daskarar. Mai laushin nan na shafa wa burodi bai cika tsayawa ba. Mai tauri na gashi ya fi. Akwai kuma farin daskararren mai na gashi, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 40. Yana jure rana fiye da bota, amma da yake ba ya narkewa a baki yakan bar maiƙo a dasashi.

KWAƁI IRI BIYU

Na farko shi ne na Amurka, shi ya fi sauƙi. Ma'auninsa awo ɗaya na bota, awo biyu na garin sukari mai laushi, wanda ake kira aisin suga. A misali, bota giram 500, garin sukari kilo 1, madara babban cokali 3 ko 4, gishiri ɗan kaɗan, da abin ƙamshi. A fara buga botar ita kaɗai wajen minti 5 har ta yi haske. A tankaɗe sukarin da rariya mai laushi, a zuba shi kashi uku, ana bugawa bayan kowane kashi. Sa'an nan a sa madara kaɗan kaɗan. Daga ƙarshe a ajiye injin bugawa, a ɗauki muciya ko cokalin katako a riƙa danna kirim ɗin a jikin kwano wajen minti 2, domin manyan ƙofofin iska su fashe. Wannan kwaɓi yana da zaƙi ƙwarai, bayansa kuma yakan yi ɗan ɓawo in ya sha iska, abin da ke taimaka masa tsayawa. Kada a yi shi da sukarin shayi, gama ba ya narkewa cikin mai, sai a ji shi kamar yashi a haƙori.

Na biyu shi ne wanda ake dangantawa da Suwizalan, irinsa ne aka shafe bayan kek ɗin 2018 da shi. Ma'auni mai sauƙin riƙewa shi ne awo ɗaya na farin ƙwai, biyu na sukari, uku na bota. A zuba farin ƙwai da sukari a kwano mai tsabta wanda ba maiƙo a jikinsa, a ɗora kwanon bisa tukunya mai tafasasshen ruwa, ba tare da gindinsa ya taɓa ruwan ba. A yi ta motsawa har sukari ya narke, zafi ya kai digiri 71. Wannan zafi shi ke kashe ƙwayoyin cuta da kan kasance cikin ɗanyen ƙwai, don haka kada a yi masa gaggawa. A sauke, a buga har ya yi fari ya tsaya, kwanon kuma ya huce sarai. Sai a riƙa jefa bota gutsure gutsure ana bugawa. Wannan kwaɓi ya fi santsi, zaƙinsa kuma bai kai na farko ba, amma yawan botar da ke cikinsa ya sa ba shi da jimirin zafi.

Masu koyo da yawa sukan zubar da wannan kwaɓi don sun ga ya tsinke kamar kindirmo, alhali bai lalace ba. In ya yi gudaji, sanyi ne ya yi yawa; a ɗan ɗumama gindin kwano a ci gaba da bugawa. In ya yi ruwa, zafi ne ya yi yawa. A sa shi firiji minti 15 a sake bugawa.

SHIRYA KEK KAFIN SHAFE

Duk wanda ya ga aikin magina zai gane wannan sashe nan da nan, gama shafe ba ya gyara katangar da ta karkace tun daga harsashi. A gasa kek tun ana gobe za a shafe shi, a bar shi ya huce har cikinsa, domin ɗumin da hannu bai ji ba ya isa ya narkar da kirim daga ciki. A yanke tudun da ya taso a kansa da doguwar wuƙa, ya zama shimfiɗe. A ɗiga kirim kaɗan a kan faifan kwali mai ƙarfi, a ɗora falle na farko ya manne. A shafa kirim mai kaurin da bai wuce rabin inci ba, a ɗora falle na biyu, a danna a hankali. In za a sa wani abu mai ruwa-ruwa a tsakani, a fara kewaye bakin falle da kirim mai kauri kamar kunyar fadama, don kada ya tsiyayo. Sa'an nan a durƙusa a dubi kek daga gefe, a tabbata ya miƙe.

Daga nan sai yaɓen farko. A shafe kek duka da kirim siriri ƙwarai, har ana hango jikinsa. Amfanin wannan yaɓe shi ne ya kama ɓurɓushi, don kada ya fito a farin shafe na ƙarshe. Kirim ɗin da aka kankaro a wannan mataki kada a mai da shi cikin babban kwano. A sa kek a firiji minti 20 zuwa 30, har yaɓen ya daina manne wa yatsa.

SHAFE MAI SANTSI

Kayan aiki uku ne: faifai mai juyawa da ake ɗora kek a kai, da wuƙa mai faɗi marar kaifi, da makankari, watau falle na ƙarfe mai miƙaƙƙen baki wanda tsawonsa ya kai tsawon kek.

A fara da kai, sa'an nan gefe. A lafta kirim fiye da yadda ake bukata, gama santsi daga ragewa yake samuwa. A bar shi ya ɗan zarce bakin kek ta sama. Sai a tsai da makankari a miƙe, gindinsa bisa faifai, bakinsa yana taɓa kirim a ɗan karkace wajen mai aiki. Hannun da ke riƙe da shi ya tsaya cik. Ɗaya hannun shi ke juya faifai, kewaye guda ba tsayawa. Duk inda aka tsaya sai ya bar layi. A goge makankari, a cike ramukan da suka bayyana, a sake kewayawa. Sau uku ko huɗu ya isa.

Saura baki. Kirim ɗin nan da ya zarce ta sama, a riƙa jawo shi da wuƙa daga waje zuwa tsakiya, ana goge wuƙar bayan kowace jawowa. Haka ake samun baki mai kaifi. In ana son ƙarin santsi, a sa kek a firiji ya ɗan taurare, a tsoma makankarin ƙarfe a ruwan zafi, a goge shi ya bushe sarai, a kewaya sau ɗaya. Ɗumin ƙarfen zai narkar da fatar kirim kaɗan, ta kwanta sumul. In aka bar ɗigon ruwa a jikinsa zai yi tabo, musamman a kirim mai launi.

Kowane aibi yana da dalilinsa. Ƙananan ramuka, iska ce da ba a danne ba. Gudaji, sukari ne da ba a tankaɗe ba. Ƙullutu mai kewaye tsakiyar kek kamar ɗamara, kirim ɗin tsakani ne ya yi yawa ko ya yi laushi, nauyi ya matso shi waje. In kuwa kirim ya fara sheƙi yana bin makankari, ɗaki ya yi zafi. A dakata, a mai da kek da kwanon kirim firiji, gama ci gaba a wannan hali ƙara ɓarna ne.

SHAFE MAI ZANE

Maginan Kano da Zariya sukan ja yatsu a jikin makuba tun tana ɗanya, su bar zane a katanga. Haka ake yi wa kirim. Bayan an yi shafe na biyu an ɗan daidaita shi, sai a yi zane nan take, kafin bayansa ya yi ɓawo. Ga waɗanda aka fi yi:

1. Layi mai kewaye. A ɗora bakin wuƙa a gindin kek, a riƙa juya faifai, ana ɗaga wuƙar sannu sannu har sama.
2. Layi a tsaye. A ja wuƙa daga ƙasa zuwa sama, ɗaya kusa da ɗaya, ana goge ta kowane ja.
3. Shafen magini. A riƙa ɗan murɗa wuƙa nan da can, gajere gajere, ba tare da bin tsari ba.
4. Zanen mataji. Akwai makankari mai haƙora. Kewaye guda da shi yakan bar layuka daidai wa daida.
5. Ɓawon kifi. A ɗiga kirim jere daga sama zuwa ƙasa, a danna kowane ɗigo da bayan ƙaramin cokali a ja shi gefe, sa'an nan a sa sabon jere bisa wutsiyar na farko.
6. Shafe siriri, wanda ake kankare kirim har jikin kek ya ɗan bayyana. Ba ya cin kirim da yawa, amma kek ɗin yakan bushe da wuri.

Zane yana da fa'ida biyu ga mutanenmu. Yana ɓoye ƙananan kurakuran mai koyo, in kuma yatsa ya taɓa kek a hanya, ana gyara wurin da wuƙa ba wanda zai gane. Shafe mai santsi kuwa ko ƙwarzane kaɗan sai ya fito. Saboda haka kek ɗin da zai yi doguwar tafiya a kan hanya marar kwalta, mai zane ya fi dacewa da shi. Kada dai a tara zane iri iri a kek guda. Hawa ɗaya mai santsi, ɗaya mai zane, ya fi kyan gani.

ƊORA HAWA BISA HAWA

Kek ba ya iya ɗaukar nauyin kek, kamar yadda bene ba ya tsayawa ba ginshiƙi. Kowane hawa a shafe shi dabam a kan faifan kwalinsa. A cikin hawan ƙasa a kafa sanduna masu tsabta, 4 ko fiye gwargwadon girma, a cikin da'irar da hawan sama zai rufe. A yanke su tsawo ɗaya, daidai da saman kirim. Su ne ke ɗaukar nauyi. In ɗaya ta fi sauran tsawo, kek ya karkace ke nan. In za a ɗauki kek a haɗe, a soka doguwar sanda mai tsini ta tsakiya daga sama har faifan ƙasa.

Game da girma, lissafin da masu sana'a suka saba bi shi ne, in tsawon kek inci 4 ne, ana yanka shi inci 1 da inci 2, mai faɗin inci 6 zai ba mutum 12, mai inci 8 mutum 24, mai inci 10 mutum 38, mai inci 12 mutum 56. Watau hawa uku na inci 6 da 8 da 10 zai ishi mutum 74. Irinsa zai ci kusan ninki biyu na kwaɓin Amurka da aka ba da ma'auninsa a baya. Dabarar nan ta lokacin yaƙi kuma tana nan da sabuwar kama: akan yi wasu hawa da farin soso mai tauri, a shafe su kamar sauran. Babu laifi a ciki in mai saye ya sani.

YANAYIN ƘASARMU

Da bazara, musamman Maris zuwa Mayu, zafin rana a Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan kai digiri 40, wani lokaci ya wuce. Wannan ya ɗara inda bota ke narkewa. A wannan lokaci a yi aikin shafe da dare ko da asuba, a maye rabin bota ko fiye da farin man gashi, a kuma zaɓi kwaɓin Amurka. Duk da haka kek ba zai jure zama a rumfa da tsakar rana ba. Da damina kuwa, in aka fito da kek daga firiji cikin iska mai laima sai ya yi gumi. Kada a goge gumin. A bar kek cikin kwalinsa a rufe, ko gaban fanka, har ya bushe da kansa. Hunturu shi ne lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki, sai dai ƙura tana manne wa kirim, busasshiyar iska kuma tana sa shi ɓawo da wuri. A garin da wutar lantarki ba ta zama, wadda za ta karɓi aikin ta tabbata tana da hanyar sanyaya kek kafin ta karɓi kuɗin mutane.

Wajen ɗauka, a bar kek ya kwana a firiji ya taurare, a sa shi cikin kwali daidai faifansa, a ajiye shi a shimfiɗaɗɗen ƙasan mota inda rana ba ta bugu. Kada a ɗora shi a cinya ko a kujera, gama kujera a karkace take, cinya kuma tana da ɗumi. Abin da ya fi shi ne a kai kowane hawa dabam, a haɗa su a wurin biki, a tafi da wuƙa da ɗan kirim don gyara.

KIYAYE LAFIYA

Kwaɓin Amurka, saboda yawan sukarinsa, yakan yi kwana biyu a ɗaki mai sanyi bai lalace ba. Amma kek ɗin da aka sa wa kirim ɗin madara, ko kwastad, ko ɗanyun 'ya'yan itace a tsakani, yana cikin abinci mai saurin lalacewa. Ƙa'idar hukumomin abinci na Amurka ita ce irin wannan kada ya wuce awa 2 a waje, in kuwa zafi ya haura digiri 32, awa 1. Launi kuma sai wanda aka yi domin abinci, mai lambar hukumar NAFDAC. Kada a kusanci kek da launin rini. Furen ado a san irinsa, gama wani dafi ne, kamar furen zaƙami, wani kuma an fesa masa maganin ƙwari. Wanda ba ya son giya a abincinsa ya tambaya kafin ya sayi kek mai zabibi, ya kuma duba jikin kwalbar ƙamshi, domin wani ruwan banila da barasa ake tatso shi, akwai kuma marar ita.

ABIN DA AKE ROƘON HAKIMAI DA MALAMANSU

Na ɗaya, su shawarci masu saye da masu yi su rubuta sharaɗinsu tun kafin a ba da kuɗi: yawan hawa da faɗin kowanne, wanne ne na ci wanne ne na ado, irin man da za a yi kirim da shi, wanda zai ɗauki kek zuwa wurin biki, da sa'ar da zai isa.

Na biyu, in ƙara ta zo, a bincika a hannun wa kek ya lalace. In ya karkace ko ya nutse alhali yana inuwa, a duba sandunan ciki, wannan aikin mai yi ne. In an miƙa shi lafiya, masu biki suka ajiye shi a rana ko cikin rufaffiyar mota, ba a kama mai yi da laifi ba.

Na uku, su ƙarfafa wa matan da ke koyon sana'ar gwiwa su fara da hawa ɗaya mai zane, su mallaki sikeli da rariya mai kyau, kafin su karɓi aikin hawa uku.

Na huɗu, su tunatar da jama'a cewa kek ba ya cikin sharuɗɗan aure. Alkaki da nakiya da dubulan suna nan da darajarsu a cikin gara, ba su kuma tsoron rana. Wanda ya ga zai iya kek ya yi daidai ƙarfinsa, kada ya ci bashi dominsa.

Ana roƙon malaman hakimai su karanta wannan takarda ga dagatai da masu unguwa, su kuma miƙa ta ga masu koyar da mata sana'a a gundumarsu.